Yadda ake kafa ƙungiyar tattaki da za ta ɗore

Akwai wani dattijo maƙwabcina da ya yi ritaya bayan ya daɗe yana aikin ofis. Da ya je asibiti aka auna shi, likita ya ce jininsa ya hau, ya rubuta masa magani, ya kuma ce lallai ya riƙa tattaki. Dattijo ya sayi sabon takalmi. Kwana huɗu a jere ina hango shi da sassafe yana wucewa ta ƙofar gidana, hannaye a goye a baya, kai a sunkuye. Rana ta biyar shiru, ta shida ma shiru. Da muka haɗu na ce, "Baba, lafiya kwana biyu ban ga wucewarku ba? Ko ƙafar ce?" Sai ya ce, "Ƙafa lafiyarta ƙalau, ɗana. Abin dai shi ne, in na fita ba wanda ya san na fita, in na zauna ba wanda ya san na zauna."

Washegari na ƙwanƙwasa masa ƙofa muka fita tare. Kafin wata ya ƙare mun zama mu shida. A wannan tafiyar ce na koyi yawancin abin da zan shimfiɗa a nan, wani da daɗi, wani kuma sai da muka yi tuntuɓe.

Kowa ya san tafiya a ƙafa na da amfani, kuma sanin bai taɓa fitar da kowa daga ɗaki ba. Abin da ke fitar da mutum shi ne ya san akwai mai jiransa a bakin hanya. Masu bincike ma sun ga haka. A 2015 wasu masana biyu na Jami'ar East Anglia da ke Ingila, Sarah Hanson da Andy Jones, sun tattara sakamakon bincike 42 da aka yi a kan ƙungiyoyin tattaki, waɗanda suka shafi mutum sama da 1,800. Sun tarar da hawan jinin mahalarta ya sauka, kitsen jiki ya ragu, alamomin ciwon damuwa sun yi sauƙi, kuma mafi yawansu sun ci gaba da zuwa ba su watse ba. Ta ɓangaren kaɗaici kuwa, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da shi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ƙungiyar tattaki ta ɗauki wannan maganar a zahirinta, shi ya sa nake ganin duk wanda ke da ƙafa da maƙwabta ya kamata ya san yadda ake haɗa ta.

Da farko, nemi mutum biyu

Kada ka fara da sanarwa. Kada ka fara da suna, ko tambari, ko zaɓen shugaba da ma'aji. Ka je wajen mutum biyu ko uku, baki da baki, ka ce musu, "Ranar kaza da ƙarfe kaza zan fita tattaki na rabin awa, ina so mu je tare." Gayyatar da aka yi wa mutum shi kaɗai, aka kira sunansa, ta fi saƙon da aka watsa wa mutum ɗari nauyi, domin saƙon gama-gari kowa na ɗauka da wani ake. Cikin waɗannan na farko a samu aƙalla ɗaya da ka san ba ya saɓa alkawari, saboda ranar da kasala ta kama ka, kunyar idonsa ce za ta tashe ka.

In ka tashi gayyata, ka tuna da waɗanda ba za su taɓa kawo kansu ba: wanda ya yi ritaya, wadda mijinta ya rasu, wanda bai daɗe da tarewa a unguwa ba, wadda jinyar mahaifi ta ɗaure ta a gida, matashin da ya gama karatu bai sami aiki ba ya shige ɗaki. Su ne suka fi buƙata, su ne kuma suka fi saurin cewa a'a. Kada ka ce musu ka lura suna cikin kaɗaici. Wannan magana ce mai ciwo. Ka ce kana neman abokin tafiya, wanda kuwa gaskiya ne. Tun a nan kuma ku yanke ko ƙungiyar ta maza ce, ko ta mata, ko ta kowa da kowa, gwargwadon abin da zai sa mutanen da kuke nema su sake.

Na biyu, kafa rana da lokaci da mahaɗa, ka daina taɓa su

Wannan shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya, kuma a nan yawancin ƙungiyoyi ke mutuwa. Za ka ji an ce, "Mu riƙa duba ranar da kowa ke da sarari." Ba a taɓa samun wannan ranar. Kowane mako sai an sake tattaunawa, wannan ya ce safe, wancan ya ce yamma, a ƙarshe a ce a bari sai mako mai zuwa. Ku zaɓi rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ku tsaya a kai ko da bai yi wa wasu daidai ba. Amfaninsa shi ne wanda ya yi wata biyu bai zo ba, ba ya buƙatar ya tambayi kowa. Ya san in ya je wurin nan a lokacin nan zai tarar da mutane.

Misali mafi shahara a kan wannan shi ne parkrun. A watan Oktoba na 2004 wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt ya tara masu gudu 13 a wani lambun shaƙatawa na Landan mai suna Bushy Park. Tsarin bai da wani sirri: kilomita 5, kowace Asabar da safe, kyauta. Yau ana yin sa a ƙasashe sama da 20, kuma masu tafiya a ƙafa na shiga tare da masu gudu. Zan sake dawowa kansu don akwai wata dabararsu da ta fi wannan burge ni.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne wanda rana ba ta da zafi kuma akwai haske, wato sassafe ko la'asar sakaliya. Mahaɗa kuma ta zama wurin da ba a ɓata a nemansa, inda mutum zai iya tsayuwa shi kaɗai na minti goma ba tare da ya tsargu ba, da inuwa ko abin zama in da hali. Ku sa ƙa'idar jira: minti biyar, sai a tashi. In kuka saba jiran mai latti minti ashirin, masu zuwa a kan lokaci ne za ku rasa, su ne kuwa ƙashin bayan ƙungiya. Rana ɗaya a mako ta isa a farko. In ta kafu, mutane da kansu za su nemi a ƙara.

Na uku, ka bi hanyar kai kaɗai kafin ka kai kowa

Ka bi ta a irin ranar da irin lokacin da za ku riƙa fita, domin hanyar da ke shiru da safiyar hutu tana iya cika da motoci da safiyar aiki. Ka riƙe agogo, ka yi tafiyar a hankali fiye da yadda ka saba, kana kallon ƙasa da idon mai ciwon gwiwa. Ina ramuka? Ina kwata a buɗe? Ina ake tsallaka titi, kuma direba na iya hango masu tsallakawa daga nesa? Akwai tudu mai tsayi? Akwai karen da ba a ɗaure ba? Ina za a iya zama a huta? Sannan tambayar da ba a cika yi ba don kunya, alhali ita ke hana dattawa da masu juna biyu da masu ciwon suga fita: ina banɗaki mafi kusa? In ka san amsar, ka faɗe ta tun ranar farko ba sai an tambaya ba.

Hanya mai zagaye ta fi wadda ake zuwa a dawo ta inda aka bi daɗi, amma mafi kyau ita ce zagayen da ke da yanke a tsakiya, yadda wanda ya gaji zai iya gajarcewa ya koma mahaɗa tare da abokin rakiya. Ka nemi wadda mutum biyu za su iya jerawa kafaɗa da kafaɗa. Siririyar hanya da ke sa a bi layi ɗaya kamar tururuwa tana kashe hira, hirar kuwa ita ce rabin abin da aka fito nema. Inda akwai itatuwa ko bakin ruwa ko fili, ka fifita shi a kan bakin babban titi, saboda hayaƙi da ƙara. In dole sai an bi titin da ba shi da gefen masu ƙafa, to a bi ɓangaren da ake fuskantar motocin da ke tahowa, a layi ɗaya, har a wuce wurin. In cikin waɗanda ka gayyata akwai mai keken guragu ko mai dogara sanda, ka bi hanyar tare da shi kafin ranar. Zai nuna maka matakala da yashi da gangaren da idonka ya tsallake.

Na huɗu, nisa da sauri

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Tattakin rabin awa sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin. Ƙungiyarku ta rana ɗaya ba za ta cika wannan ita kaɗai ba, kuma ba laifi. Abin da na gani shi ne mutane na fara haɗuwa bibbiyu a sauran ranakun ba tare da an ce su yi ba.

Ku fara da minti 20 zuwa 30. Lafiyayyen baligi na cin kusan kilomita 5 a awa, amma ƙungiya ta fi mutum ɗaya jinkiri, don haka kilomita 2 ta isa fitar farko. Bayan mako biyu ko uku a ƙara minti biyar, a haka a haka. Gara mutane su koma gida suna cewa "ai da an ƙara" da su koma suna ɗingishi.

Ma'aunin sauri ba ya buƙatar na'ura. In kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana kan matsakaicin da ake so. In ba ka iya haɗa jimla sai ka tsaya ka ja numfashi, ka yi sauri da yawa. Mai son lissafi ya ƙirga takunsa: wajen taku 100 a minti ɗaya shi ne tafiya mai ɗan kuzari ga yawancin manya. Minti biyar na farko a yi su a hankali don jiki ya ɗumama, na ƙarshe ma haka.

Za a sami wanda zai zo da maganar taku 10,000 a rana yana nuna wayarsa. Yana da kyau a san asalin wannan adadi: daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito, wadda aka fitar a Japan a 1965, sunanta ma na nufin "ma'aunin taku dubu goma". Wani babban nazari da aka buga a 2022 ya nuna cewa ga waɗanda suka kai shekara 60, raguwar haɗarin mutuwa da wuri na daidaita ne tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000 a rana. Ina faɗin wannan ne don kada a mai da adadin sandar dukan wanda bai kai ba. Wanda da yake yin taku 2,000 ya koma 4,000 ya ci riba babba.

Na biyar, gaba da baya

Ga dabarar parkrun da na ce zan dawo kanta. A kowace fita suna sa mutum ɗaya ɗan sa-kai wanda aikinsa kawai shi ne ya zo ƙarshe. Duk jinkirin mai jinkiri, akwai wani a bayansa, don haka babu mahalarcin da ke zama na ƙarshe. Ranar da na fara jin wannan na tuna da wata baiwar Allah da ta zo mana sau ɗaya. Tana da jiki, gwiwa kuma na damunta. Muka tashi, hira ta yi daɗi a gaba, ba wanda ya waiwaya. Da muka kai kwana muka tsaya jiranta, muna tsaye mu bakwai muna kallonta tana tahowa tana haki, tana share gumi da gefen mayafi. Tana isowa muka ce "Sannu, Hajiya," muka ci gaba nan take, mu mun huta ita ba ta huta ba. Ba ta sake zuwa ba. Na kira ta, ta ce, "Ba komai, Malam, kada in riƙa ɓata muku lokaci." Har yau abin na ci mini rai, domin ba wanda ya yi mata da gangan, amma mun kore ta.

Saboda haka kowace fita tana buƙatar mutum biyu masu aiki. Na gaba ya san hanya, yana tsayawa a kowace mararraba da kowane wurin tsallaka titi, ba kuma wanda ke wuce shi. Na baya shi ne mai babban aiki: ba ya wuce kowa, yana jerawa da mafi jinkiri yana hira da shi, ba ya tafiya a bayansa kamar mai kora. A ba wannan aiki ga mai haƙuri da sakin fuska, kada a ba wanda zai riƙa duba agogo. Su biyun su riƙe lambar wayar juna.

Idan an tsaya jira, hutu na farawa ne daga lokacin da na ƙarshe ya iso, a ba shi minti biyu cikakku. Mafi kyau ma, masu sauri in sun kai mararraba su juyo su taho su tarye na baya, su sake juyawa tare. Da haka su sun ƙara nisa, shi kuma bai zama abin kallo ba. A ƙirga mutane a farko, a ƙirga a tsakiya, a ƙirga a ƙarshe. In kun wuce goma sha biyar, ku ƙara mutum ɗaya a tsakiya, ko ku rabu gida biyu, masu sauri da masu sannu, amma a tashi wuri ɗaya a ƙare wuri ɗaya.

Baƙo ma haka. Mutum ya sha fama da zuciyarsa kafin ya zo cikin waɗanda bai sani ba. In ya iso ya tarar kowa na raha da nasa, minti uku na tsayuwa shiru sun isa su sa ya yanke ba zai dawo ba. Da ka hango sabuwar fuska ka bar abin da kake yi ka tarye shi, ka tambayi sunansa da yadda yake so a kira shi, ka gaya masa nisan tafiyar da lokacin dawowa, sannan ka haɗa shi da mutum ɗaya takamaimai: "Yaya, ga baƙonmu, ku jera yau." Kada a sa shi tsakiya a ce ya gabatar da kansa.

Na shida, lafiya da kariya

Tattaki na cikin motsa jiki mafi ƙarancin haɗari, har likitoci na jagorantarsa. A 2005 wani likitan zuciya a birnin Kolombus na jihar Ohayo a Amurka, Dakta David Sabgir, ya ga nasiha a ɗakin duba marasa lafiya ba ta sa mutane motsi, sai ya gayyaci majinyatansa su fito su yi tattaki tare da shi. Daga nan shirin Walk with a Doc ya samo asali. Duk da haka, kai ba likita ba ne. Mai ciwon zuciya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai juna biyun da ke da matsala, da wanda jiri ke ɗiba, su tambayi likitansu tukuna. Ka tambayi kowane sabon zuwa a keɓe ko akwai abin da ya kamata ka sani game da lafiyarsa, ka karɓi lambar wanda za a kira in wani abu ya faru, ka rubuta a ɗan littafi, ka kuma riƙe sirrinsa.

Kowa ya zo da gorar ruwansa, da takalmin da ƙafa ta saba da shi mai rufaffen baki; sabon takalmi bororo yake kawowa. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa. Mai ciwon suga da ke allura ko shan maganin da ke saukar da suga ya riƙe wani abu mai zaƙi a aljihu. Jagora ya riƙe waya mai caji, da filasta da bandeji, da ragowar ruwa, ya kuma haddace lambar agajin gaggawa ta inda yake. In da duhu-duhu za a fita, a sa tufafi masu haske, na gaba da na baya su riƙe tocila.

Akwai alamomin da in an gani tafiya ta ƙare, sai neman asibiti nan take: ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman in yana sauka hannu ko muƙamuƙi, numfashin da ya ƙi dawowa bayan an huta, suma, karkacewar baki, ko mutuwar hannu ɗaya, ko harɗewar magana. A lokacin zafi, wanda ya fara jiri da ciwon kai da tashin zuciya a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara ruɗewa ko sambatu, wannan na gaggawa ne. In an ji tsawa a nemi gini a shiga, kada a fake ƙarƙashin itace. Kuma duk wanda zai koma kafin a gama, ba ya komawa shi kaɗai.

Na bakwai, hira

Ba sai ka shirya ta ba, tafiyar ce ke kawo ta. Mutanen da suka jera suna kallon gaba sun fi waɗanda ke zaune suna kallon juna saurin buɗe ciki, kuma shiru a kan hanya ba ya da nauyi, don ƙafa na aiki. Na ga mutumin da ya yi makonni ba ya wuce gaisuwa, ran nan muna hawan wani ɗan tudu sai kawai ya fara ba ni labarin ɗansa da ya rasu. Ban ce komai ba sai addu'a da "Allah sarki", muka ci gaba da tafiya. In irin wannan ta same ka, ka saurara, kada ka yi gaggawar ba da shawara. In ka ji abin ya fi ƙarfin hira, kamar mutum na maganar ya gaji da rayuwa, ka taimaka masa ya ga likita ko wani masani, ka kuma raka shi in ya yarda.

Ƙa'idoji kaɗan sun isa, a faɗe su da baki lokaci-lokaci: abin da aka faɗa a hanya ya tsaya a hanya; ba a tallar haja ko neman bashi; ba a yi wa kowa maganar ƙibarsa ko ramarsa; musun siyasa a bar shi a gida. Wanda ya karya, a ja shi gefe a gaya masa, kada a yi a gaban jama'a. Sannan ka lura da masu manne wa juna kullum. A wurin hutu kana iya cewa a sauya abokin jerawa, da sigar wasa, ba dole.

Na takwas, bayan an dawo

Kada a watse da isowa. A tsaya minti goma a mahaɗa, a miƙe jijiyoyin ƙafa, a sha ruwa, a tuna wa juna mako mai zuwa. A waɗannan mintocin ne ake karɓar lambar juna, ake jin wane ne ba shi da lafiya, wa aka yi wa haihuwa.

Sai aikin da ya fi kowanne a wurina: duba littafi a ga wa bai zo ba. Wanda ya yi fashi sau biyu a jere, a kira shi. Kiran gaisuwa ne, ba na tuhuma ba. "Mun yi kewarka, lafiya dai?" ta wadatar, kada a ce "Me ya hana ka zuwa?" In ba shi da lafiya, wasu su je dubiya. In kunyar daɗewa ce ta hana shi, wani ya biya masa ranar fita su taho tare. Ƙungiyar da ba ta yin wannan, taron masu motsa jiki ce kawai, kuma mutum na iya shekara a cikinta ya fita ba a sani ba.

Zauren WhatsApp na da amfani don tunatarwa da sanar da fashi saboda ruwan sama, amma a taƙaita shi ga wannan, in ba haka ba saƙonnin da ake turowa daga ko'ina za su binne sanarwa. A tuna da waɗanda ba su da babbar waya, a sa wanda zai riƙa kiransu. Ba a ɗaukar hoton kowa a watsa sai da izininsa. Kuɗi kuwa, iyakar iyawarku ku nisance shi: ba rajista, ba harajin mako, ba rigar dole. Da kuɗi ya shigo, marar shi zai janye a hankali ba tare da ya faɗi dalili ba.

Fita ta musamman

In ƙungiya ta yi wata biyu ko uku tana tafiya, ku fara fita wani wuri dabam sau ɗaya a wata ko a wata biyu: gidan tarihi, lambun shaƙatawa, bakin kogi, wani dutse mai sauƙin hawa, tsohuwar unguwa mai tarihi. Wannan na sabunta sha'awa, kuma dama ce ta a zo da iyali. Mutum biyu su je su gano wurin tukuna, su tambayi lokacin buɗewa, ko ana neman izini, ko ana biyan kuɗin shiga, a sanar da kowa tun da wuri tare da lokacin dawowa, a kuma tsara abin hawa yadda ba a bar kowa a baya ba. Kowane yaro na hannun wanda ya zo da shi. In cikinku akwai wanda ya san tarihin wurin ko sunayen itatuwa da tsuntsaye, a ba shi dama ya yi bayani. Sau da yawa mafi shirun cikinku ne zai ba ku mamaki. Abin da kuka je da shi ku dawo da sharar sa. Fitar wata-wata kada ta ci ta mako-mako. Waccan ƙari ce a kan wannan.

Ranar da mutane suka ragu

Za ta zo. Bayan ɗokin farko, wajen mako na biyar ko na shida, ko in sanyi ko damina ta shigo, za ka je mahaɗa ka tarar da mutum ɗaya. Ku yi tafiyarku ku biyu, cikakkiya, ka kuma sanar a zaure cewa an fita. In ka soke saboda ƙarancin mutane, mako mai zuwa kowa zai tsaya jiran ya ji ko za a yi, daga nan sai mutuwa. Ka tambayi waɗanda suka daina abin da ya sa, ka ji da kunnen gyara: wataƙila nisan ya yi yawa, wataƙila saurin, wataƙila wani ne ke cika su da surutu.

Kada kuma ka riƙe komai a hannunka. Tun wata na biyu ka fara raba aiki: wannan ya ja gaba yau, wancan ya zaɓi sabuwar hanya, wata ta riƙe tarbar baƙi. A samu aƙalla mutum uku da za su iya fitar da ƙungiya in ba ka nan, ka kuma gwada su ta hanyar komawa tsakiyar layi kana nan ɗin. Mutum na manne wa wurin da yake da aiki a ciki fiye da wurin da ake yi masa hidima.

A tamu ƙungiyar, littafin sunaye yanzu yana hannun Baba maƙwabcina, shi ne kuma mai zuwa ƙarshe. Da an dawo mahaɗa sai ya zauna a kan dakali, ya sa tabarau, ya bi sunaye da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. Makon da ya wuce zazzaɓi ya kwantar da ni ban fita ba. Ƙarfe takwas da 'yan mintoci wayata ta yi ƙara, na ɗauka, na ji ya ce, "Ɗana, yau ba mu gan ka ba. Lafiya dai?"